Yinin Iyali a Filin Harbi: Ina Bindigar Take Kwana?

A wannan mako za mu leƙa Amurka domin duba wata al'ada da Bahaushe zai ji ta banbaraƙwai. A can, musamman a jihohin kudu da na yamma, magidanci kan kwashi matarsa da 'ya'yansa ranar hutu su nufi filin koyon harbi, kamar yadda wani zai kai iyalinsa gidan zoo. Kowa ya toshe kunne, ya sa tabarau na kariya, a rataye takarda mai zanen da'irori a nesa, a riƙa auna ta da ƙaramar bindiga. Wanda ya fi samun tsakiya ya naɗe takardarsa ya kai gida yana taƙama.

Al'adar tana da tushe. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya amince da 'yancin riƙe makami, kuma a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'yancin ya haɗa da ajiye ƙaramar bindiga a gida domin kare kai. Ƙungiyar NRA da ake jin amonta a siyasa, an kafa ta ne a 1871 domin koyar da iya saiti. Cibiyar Small Arms Survey ta kiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun fararen hular Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Dokar tarayya ta hana dillali mai lasisi sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba ƙaramar bindiga, ta kuma hana wanda bai kai 18 ba riƙe ta, amma ta bar ƙofar koyon harbi a buɗe idan da izinin iyaye.

Adalci ne a saurari hujjar masu wannan al'ada. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji ƙarar bindiga da kunnensa, ya ji naushin da take yi wa hannu idan ta tashi, ba zai ƙara ɗaukarta abin wasa irin na fim ba. A filin ana haddace masa ƙa'idoji huɗu: ya ɗauka kowace bindiga akwai harsashi a cikinta; kada ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin lalatawa; kada yatsansa ya taɓa kunama sai ya daidaita saiti; ya kuma san abin da ke bayan abin da zai harba. Ruhin wannan tarbiyya ba baƙo ba ne gare mu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya ƙarfafa wa sahabbai gwiwa a kan gasar harbin kibiya, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami, har ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu.

Sai dai ƙa'ida ba ta hana hukuncin babba ya kuskure. A watan Agustan 2014, a wani filin harbi a jihar Arizona, an miƙa wa yarinya 'yar shekara 9 bindiga ƙirar Uzi mai aman wuta. Bindigar ta fi ƙarfin hannunta, ta goce, harsashi ya kashe malamin da ke koya mata, iyayenta na tsaye suna ɗaukar bidiyo. Duk da haka irin wannan haɗari a cikin fili ba shi da yawa. Babbar matsalar tana farawa ne bayan an tashi, lokacin da bindiga ta bi iyali zuwa gida, inda babu malami mai sa ido.

Ku dubi abin da ya faru a garin Oxford na jihar Michigan. Ranar 26 ga Nuwamban 2021, James Crumbley ya sayi ƙaramar bindiga a matsayin kyautar Kirsimeti ga ɗansa mai shekara 15. Washegari mahaifiyar ta kai yaron filin harbi domin su gwada ta. Ranar 30 ga watan, malama ta ga ya zana bindiga da jini a takardarsa, aka kira iyayen, amma ba su tafi da shi gida ba, ba su kuma ambaci bindigar ba. Tana cikin jakarsa. Kafin a tashi makaranta ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta ɗaure uwa da uban shekara 10 zuwa 15 kowannensu, karo na farko da aka kama iyaye da laifin kisa a kan harbin makaranta da ɗansu ya yi. Yaron ya koyi saiti sarai, abin da ya rasa shi ne babban da zai kulle makamin ya kuma lura da halin da zuciyarsa ke ciki.

Alƙaluma ma suna nuni ga gida. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Ƙwarewa a harbi ba ta maganin fushi ko baƙin ciki.

Mene ne namu a ciki? Ta'asar 'yan bindiga ta sa manya sun fara kiran talaka ya nemi makami. Gwamna Masari na Katsina ya yi wannan kira a 2021, gwamnatin Zamfara ta yi a 2022, alhali dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Ba na raina azabar wanda aka kore shanunsa aka sace matarsa. Amma idan ƙasa mai filayen horo da malamai da kotuna masu aiki ta kasa tsare 'ya'yanta daga bindigar gida, yaya gidanmu mai yara goma sha, da rikicin gado, da matashin da ƙwaya ta ci ƙarfinsa? Duk shugaban da zai ce a sayi bindiga, wajibi ne ya fara gaya mana wa zai koyar, wa zai tantance, ina kuma za ta kwana. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.