Ɗigon jini a Boɗinga da Shagari: Wa zai biya kuɗin gwaji bayan janyewar tallafin Amurka?

Duk mai zazzaɓin da ya je asibitin gwamnati a Boɗinga ko Shagari ya san ɗan fallen robar nan da ake ɗiga wa jini daga yatsa, a jira kamar minti 15 a ga layi ɗaya ko biyu. Kaɗan ne suka san abin da ke cikinsa, kuma kusan ba a tambayar wanda ke biyan kuɗinsa. Tambaya ta biyun ta zama ta gaggawa tun ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kafin daga bisani a rufe hukumar USAID. Sakkwato na cikin jihohin da shirin Shugaban Amurka na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya riƙa tallafawa da kayan gwaji da magunguna.

Abin da ke cikin fallen shi ne sinadarin da masana ke kira antibodi. Jikin ɗan Adam ne ke ƙera shi domin kama baƙuwar ƙwayar cuta, kuma kowane iri yana gane alama guda ce kawai, tamkar makulli da kwaɗonsa. A 1975 wasu masana biyu a Ingila, Georges Köhler da César Milstein, suka gano hanyar samar da iri ɗaya tak mai yawa a ɗakin bincike, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1984. Irin wannan ne ake shafa wa fallen gwajin maleriya, inda yake kama wani furotin mai suna HRP2 da ƙwayar cutar ke saki cikin jini. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin maleriya sai an gwada.

Dalilin a bayyane yake. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, yayin da a Kebbi, maƙwabciyar Sakkwato, adadin ya kai kashi 49. A irin wannan yanki kowane zafin jiki maleriya ake ɗaukarsa. Amma sanƙarau ma da zazzaɓi yake farawa, kuma mutanen Sakkwato ba su manta da annobar 2017 ba. Idan fallen ya nuna layi ɗaya, yana gaya wa ma'aikacin lafiya ne ya nemi wata cutar tun da sauran lokaci. Idan fallen ya ƙare a asibiti, sai a koma kemis, a sayi maganin maleriya haɗe da na taifot a kan zato. (Gwajin Widal da ake dogaro da shi wajen cewa mutum na da taifot shi ma antibodi yake nema, sai dai yana yawan nuna cutar ga wanda ba ya ɗauke da ita, abin da ya sa rabin gari ke yawo da "taifot" a baki.)

Inda lamarin ya fi tsanani kuwa shi ne gwajin da ba a cika magana a kansa ba. Fararen ƙwayoyin jini suna da alamomi a bayansu, kuma da antibodi ake ƙirga su iri-iri. Masu alamar CD4 su ne ke jagorantar garkuwar jiki, su ne kuma ƙwayar cutar ƙanjamau ke shiga ta hallaka. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi. Tun da aka koma bai wa duk wanda aka samu da cutar magani nan take, wasu suka ɗauka an gama da ƙirgar CD4. Ba haka ba ne. Wanda nasa ya faɗi ƙasa da 200 yana buƙatar a duba masa tarin fuka da wani nau'in sanƙarau da naman gwari ke haddasawa, domin su ne ke kashe irin waɗannan majinyata ko da sun fara shan magani. Sakkwato na cikin jihohin da cutar ba ta yi yawa ba, amma kunya da tsoron tsangwama kan sa mutum ya ɓoye har sai ya kwanta. Irin wannan majinyacin ne ke buƙatar ƙirgar, kuma tura shi daga Shagari zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nufin kuɗin mota da na mai jinya. Yanzu akwai fallen da ke nuna ko adadin ya haura 200 ko bai kai ba, ba tare da babbar na'ura ba.

A ɓangaren magani, duniya ta yi nisa. Rituximab, wanda ke kama alamar CD20 a kan wasu ƙwayoyin sankarar jini, yana kasuwa tun 1997, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikatan gwamnati. A Mali, sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna allura ɗaya ta antibodi mai suna L9LS ta rage kamuwa da zazzaɓin maleriya da kashi 77 cikin 100 na tsawon wata shida a yara 'yan shekara 6 zuwa 10. Wannan na matakin gwaji tukuna.

Majalisar Tarayya ta ƙara Dala miliyan 200 a kasafin 2025 domin cike giɓin da Amurka ta bari, kuma a shekarar aka buɗe masana'antar Codix Bio a Shagamu ta Jihar Ogun domin haɗa kayan gwajin a gida. Duka biyun ci gaba ne, amma kuɗin Abuja ba sa isa Boɗinga da kansu. A ganina, gwamnatin Sakkwato ta ware wa fallen gwaji kuɗi na daban a kasafinta, ta kuma riƙa bayyana adadin da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa kafin faɗuwar damina, lokacin da sauro ke cika fadamun da ke kewaye da madatsar ruwan Shagari. 'Yan majalisar jihar masu wakiltar waɗannan yankuna suna da ikon neman wannan lissafi daga Ma'aikatar Lafiya a duk zaman kare kasafi.