Kuɗin da Ake Karɓowa da Sunanmu, Ina Suke Shiga?



Dattawanmu ba su manta shekarar 1977 ba, lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka kwaso mu zuwa nan Agoè, bakin hanyar arewa. Da guminmu muka gina gidaje da masallatai da makarantun allo. Amma har gobe, in damina ta kankama kogin Zio ya cika, ruwa ne ke kwana a ɗakunan mutanen Togblekope.

Kullum amsar da ake ba mu ita ce babu kuɗi. To, ku saurara. Tun zaɓen 30 ga Yuni 2019, wanda rabon ƙasar nan da irinsa tun 1987, an raba Togo zuwa ƙananan hukumomi 117. Gwamnati tana da asusu na musamman mai suna FACT, wanda aikinsa raba musu kuɗin ayyuka. Ban da shi, akwai tallafin Tarayyar Turai da Jamus da Faransa da Bankin Duniya. Sai dai irin wannan kuɗi ba ya zuwa don an yi kuka. Sai an rubuta takardar aiki, an faɗi mutum nawa za su amfana, an yi lissafin siminti da ƙarfe, a ƙarshe a nuna rasit. Unguwar da ba ta da kansila mai zama ya yi wannan wahala, sai dai ta ji labari a rediyo.

Haka abin yake a wajen shari'a. Tun 27 ga Mayu 2013 aka yi dokar da ta ce gwamnati za ta taimaki marar hali da lauya. Ku tambayi uwar da ɗanta mai zemijan yake tsare, ko ta taɓa ganin lauyan nan. Gidan kason Lome an gina shi don mutum 666, amma waɗanda ke ciki sun ninka haka, kuma da yawansu ko hukunci ba a yanke musu ba. A 2018 an buɗe gidajen sulhu na farko a Cinkassé da Dapaong da Agoè-Nyivé da Baguida, inda ake sasanta rigimar bashi ko ta haya kyauta. Abu ne mai kyau, ba mu musu. Amma 'yar kasuwa nawa ta san da shi, tunda ba wanda ya yi mata bayani da harshen da take ji?

Ba za mu yi muku ƙarya ba: kansila ba ya naɗa alƙali, ba ya buɗe ƙofar kaso. Ga abin da yake iyawa, kuma shi 'yan takararmu suka ɗauki alkawari.

Na ɗaya, duk kuɗin tallafi da ya shigo, za mu nemi a liƙa lissafinsa a ƙofar ofishin magajin gari, mu kuma mu karanta muku shi da Hausa a gaban sarakunan Zongo da limamai.

Na biyu, takardun neman tallafi na farko da za mu kai majalisa su ne na magudanar ruwa da na ƙaramin asibiti.

Na uku, za mu nemi tallafin ajiye masanin doka mai jin Hausa, wanda zai raka iyalin wanda aka kama, ya kuma taimaki waɗanda kwana 45 suka wuce ba a yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa ba, har abin ya koma sai ta hannun kotu.

Ku masu fatauci ta Aflao da Cinkassé, mun san kwana ɗaya ba kasuwa asara ce. Amma gida ɗaya ke riƙe da mulkin ƙasar nan tun 1967, kuma duk wanda ya zauna gida ranar zaɓe ya ƙara musu wa'adi ne. Buhun shinkafar kamfe mako biyu ne ya ƙare, kansila kuwa shekara shida zai yi a kan kujera.

Ku nemo katinku tun yau. Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku zaɓi jerin 'yan takararmu, ku tsaya har a ƙirga ƙuri'a a gabanku. Allah Ya ba mu zaman lafiya da shugabanni masu adalci, amin.