Daga Tekun Muritaniya Zuwa Majemar Ƙofar Wambai

Akwai wata halittar teku mai hannuwa takwas da Turawa ke kira oktofas. A matsayina na malamin ilimin harshe, ban ga laifin Bahaushe da bai raɗa mata suna ba, domin ba ta taɓa faɗawa komarsa ba. Masunta a Muritaniya da Maroko kuwa suna kama ta da yawa, a daskarar da ita a kai Sifaniya da Japan. Kafin ta shiga kasuwa sai an cire kayan cikinta, waɗanda a da zubarwa ake yi. Yanzu masu bincike suna jiƙa wannan saura da sinadaran narkar da abinci irin na hanjinmu, su daddatsa furotin ɗinsa ya koma ƙananan gutsattsari. A ɗakin gwaji an ga wasu daga cikin gutsattsarin suna dakushe sinadarin da ke tayar da hawan jini. Gwaji ne tukuna, bai zama maganin kanti ba.

Abin da ya dame ni shi ne, mu da ba mu da teku muna da irin wannan kaya jibge a mayankar Kano da majemar Ƙofar Wambai. Harshenmu ma shaida ne: ƙirgi, ganda, ƙaho, kofato, tumbi, saifa. Al'ummar da ta ware wa kowane yanki na dabba sunansa, ba ta jahilci darajarsa ba. Amma jinin yanka da sauran tarkace sukan bi magudana su gangara rafin Jakara, mu kira su shara.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa insulin ɗin da aka fara yi wa mai ciwon suga allurarsa a Toronto a 1922, daga cikin shanu aka tatso shi. Gefen fatar da majemi ke yankewa ya yar, kolajin ne, wanda in an dafa shi yake zama jelatin, abin da ake yin kwanson ƙwayar magani da shi. Kaso mai yawa na jelatin ɗin duniya daga fatar alade yake fitowa, shi ya sa ƙasashen Musulmi ke neman na halal ruwa a jallo. Dabbar Kano kuwa yankan Musulmi ce.

Ina ganin aikin na Jami'ar Bayero ne da cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Zariya, to amma kada a fara da taron ƙara wa juna sani. Furotin ba ya jiran zafin Kano, cikin sa'o'i kaɗan yake ruɓewa. Dole a ware yankakkiyar fata kafin ta taɓa bagaruwa ko sinadarin kurom, a kuma tari jini a mazubi mai tsabta. Don haka gwamnatin jiha ta fara da ɗakin sanyi a mayanka, mai wutar da ba ta ɗaukewa, sannan a sa wa mahauta da majema farashi a kan kowane kilo da suka kawo.