Wayar Hannu Ba 'Yar Raino Ba Ce

A gidaje da yawa na Haɗeja da ƙauyukan fadama, da yaro ya fara rigima sai a miƙa masa waya. Ya yi tsit, uwa ta sami sararin girki. Ba a ga laifinta ba, amma shirun nan ba alheri ba ne.

Masana sun nuna cewa a shekara 6 ƙwaƙwalwar yaro ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta baligi. Harshe kuwa daga bakin mutum ake ɗaukarsa: yaro ya yi gwarancinsa, a amsa masa, ya sake gwadawa. Waya ba ta amsawa. Don haka a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci iyaye kada su zaunar da wanda bai cika shekara 2 ba gaban waya ko talabijin. Daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Ku ɗalibai, da an tashi makaranta ƙannenku na hannunku. Idan masunta sun dawo daga kogi, ku nuna musu tarwaɗa da karfasa, ku bar su su faɗi sunayen da kansu, ko da ba su fito daidai ba.