Jaridun Amurka da Masallacin Ƙofar Sarki

Ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba 2014, ana cikin tayar da salla a Babban Masallacin Kano, daura da Gidan Rumfa, sai bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga suka buɗe wa sahu wuta. Fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya. Jaridun Amurka sun kawo labarin, to amma ba a yi mako guda ba ya ɓace daga shafukansu.

Mai karatu ya gwada wannan da abin da ya faru wata bakwai kafin nan. Da aka sace 'yan mata 276 a Chibok cikin Afrilu, labari ya cika gidajen talabijin na Amurka, har matar Shugaba Obama ta ɗaga allo tana kiran a dawo da su. Kafin Mayu ya ƙare, an tura soja wajen 80 zuwa Chadi domin taya nema. Yara maza da aka kashe a makarantar kwana ta Buni Yadi a Fabrairun shekarar kuwa, ba su sami ko kusa da wannan ba.

Alal haƙiƙa ba ƙiyayya ce ta kawo haka ba, ko da yake mutanen zaure sukan ɗauka ita ce. Wakilin jarida ɗaya ne ake ɗora wa ƙasashe da dama, yana zaune a Ikko ko Dakar, edita kuma yana son labari mai hoto wanda Ba'amurke zai fahimta kafin shayinsa ya huce. Abin da aka buga shi ɗan majalisa ke karantawa, shi yake tambayar ma'aikatar harkokin waje a kai, ita kuwa dole ta nuna ta motsa. Haka aka yi a 1968, sa'ad da mujallar Life ta buga hotunan yaran Biyafara masu fama da yunwa, har batun ya shiga bakin Nixon yana neman zaɓe.

Sai dai fa motsin da hoto ya haifar ba ya daɗewa. A shekarar ta 2014 Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu, saboda rahotannin cin zarafi da ake zargin sojojinta da shi. Kwana kaɗan bayan an binne mamatan masallacin, aka ji cewa Nijeriya ta dakatar da horon da sojan Amurka ke bai wa wata bataliyarta.