Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kemis Na Birnin Kebbi Da Argungu

'Yan uwana masu kemis,

Na sha tsayawa a bakin shagonku da tsakar dare, yaro a kafaɗa, jikinsa kamar garwashi. Na san wanda ke buɗe ƙofa a irin wannan lokaci, na kuma san wanda ke ba da magani bashi har a sayar da shinkafa. Shi ya sa nake ganin ina da bakin yi muku magana a kan makonnin farko na annoba, lokacin da cuta ta shigo gari amma ba wanda ya gama sanin kamanninta.

Ku tuna watan Maris na 2020. Ranar 11 ga wata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. A wannan makon Argungu ta cika maƙil, bikin kamun kifi ya dawo bayan kimanin shekara goma ba a yi ba. Shugaba Buhari ya zo, masunta sun faɗa Matan Fada da homa da gora, an fito da kifi mai kilo 78. Ban ga laifin kowa ba. Waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk Nijeriya a lokacin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, na farkonsu ma Baturen Italiya ne da aka gano a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Amma kafin watan ya ƙare an rufe makarantu, an kulle Legas da Abuja. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu ana ta jin labarin mace-macen dattawa a Kano.

Abin da ya dami mutanenmu a lokacin ba sunan ƙwayar cutar ba ne. Ɗan acaɓa yana lissafin abin da zai kai gida idan aka hana fita, mai tuwo tana tunanin kuɗin mudu, tsoho yana tambaya ko za a bar shi ya yi asham a masallaci. Da Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, sai maganar nan ta ƙara ƙarfi cewa cutar manya ce, ta masu hawa jirgi. Mutane suka riƙa gudun asibiti don tsoron kada a killace su. Duk wanda ya ji masassara sai ya nufo ku, ya ce, "Likita, jikina ya yi zahi, ba ni na maleriya."

Wannan sunan na likita da suke kiran ku da shi amana ce mai nauyi, kuma a kan kulorakwin aka fara gwada ta. Ranar 19 ga Maris Shugaban Amurka Donald Trump ya yabi maganin a gaban 'yan jarida. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu jami'an lafiya na Legas suka sanar an kwantar da mutane saboda sun sha fiye da kima. Kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Maganin da Nijeriya ta daina dogaro da shi wajen maleriya tun 2005, saboda cutar ta daina jin sa, ya koma abin ɓoyo a ƙarƙashin kanta. Da idona na ga wani mai shago yana ƙirga wa dattijo ƙwayoyin a leda, yana ce masa ya riƙa sha kullum don kariya, bai ko tambaye shi ko yana da ciwon zuciya ba, alhali maganin yana rikita bugunta. Zuwa watan Yuni babban gwajin da aka yi a Ingila ya nuna ɗan uwan wannan magani, wanda aka fi zuzutawa, bai rage mutuwar masu korona ba. Kafin wannan ma mun gani a Agustan 2014, lokacin Ibola, yadda saƙon waya ya sa jama'a wanka da ruwan gishiri da shan sa har aka rasa rayuka. Idan wani ya shigo da saƙon WhatsApp yana neman maganin da aka ce sabuwar cuta na jin tsoro, ku ce masa ba a tabbatar ba, ku hana shi, ko da zai tafi shagon gaba yana zagi. Zai dawo.

Sai batun zazzaɓi. A fadamar Rima, inda ake noman shinkafa rani da damina, sauro ba ya hutu, don haka hannunku ya saba miƙa maganin maleriya da zarar an ce jiki ya yi zafi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan ido ba ya raba maleriya da korona, ko da farkon sanƙarau. Abin gwajin jini na gaggawa ɗigo ɗaya yake buƙata da minti goma sha biyar zuwa ashirin. Idan ya nuna babu, kada ku ƙara allura a kai don a ga kun yi ƙoƙari. Mai sarƙewar numfashi, da mai sanƙarewar wuya, da yaron da ke suma, ba na shago ba ne. A tura su asibiti nan take, kuma ku faɗa wa mai jinya dalili cikin lallashi, don tsoro ne ya kawo shi wurinku tun farko.

Ku sa takunkumi idan mai tari ya shigo, ku ajiye buta da sabulu a ƙofa. Kada ku fallasa mara lafiya a majalisa. Mutumin da ya ji an ambaci gidan maƙwabcinsa zai ɓoye nasa ciwon.

Abin da na fi so ku ɗauka shi ne wannan: kun riga kowa ganin annoba. Kafin adadi ya isa Abuja, kafin rediyo ta sanar, ku ne kuka lura mutum shida daga unguwa ɗaya sun zo cikin kwana uku da ciwo iri ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma aikinsa ke nan ya ji irin wannan labari. Mutum nawa a cikinku ke da lambarsa? Mai Martaba Sarkin Kabi, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, shi ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, don haka hakimai da masu unguwannin ƙasar nan ba baƙin wannan magana ba ne. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarku su gayyato jami'in zuwa taronku na gaba, kowa ya rubuta lambarsa a bangon shago. Kowannenku kuma ya sayi littafi ɗaya banda na bashi, ya riƙa rubuta kwanan wata, da unguwa, da abin da mutum ya ce yana damun sa.

Allah ya tsare ku da iyalanku, ya sa albarka a sana'a.

Naku, ɗan uwanku daga Birnin Kebbi.