KORAR BAƘI BA TA CIKA RUMBU

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu, manoma da makiyaya da masu sana'a na Kwangila da kewayenta, tun daga Basawa da Shika har Hunkuyi da Giwa. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko a ƙofar masallaci bayan la'asar. A shigar da maganar cikin gida kuma, don mata ma suna da ƙuri'a.

Zaɓe ya ƙarato, kuma kun ji waɗansu 'yan siyasa sun tono tsohuwar waƙa. Wai baƙin da suka shigo ƙasar nan ba takarda su suka jawo tsadar masara, su suka ƙwace aikin samarinmu, su ne ɓarayi. Wai idan an zaɓe su za su tsananta doka, su toshe iyaka, su lodi baƙi a mota a kai su gida. To, jama'a, kafin mu tafa musu, mu tambayi tsofaffinmu. An taɓa yin haka a ƙasar nan, ba sau ɗaya ba.

ABIN DA YA FARU A 1983

Da kuɗin man fetur suka faɗi, gwamnatin marigayi Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Ma'aikatu suka rage mutane, kaya suka yi tsada, ga zaɓe yana tafe. Ran 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Nijeriya. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu mutanen Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Binin. Waɗansu sun mutu a hanya saboda cunkoso da yunwa. Jakar nan mai zane da kuke zuba kaya a ciki, wadda ake kira Gana-mas-go, daga wannan kora ta samo sunanta.

Sai me ya biyo baya? Shinkafa ba ta sauko ba. Ma'aikatun da suka rufe ba su buɗe ba. Shekarar ba ta ƙare ba sai da soja suka kifar da gwamnatin, ran 31 ga Disamba.

An kuma kafa hujja da rikicin Maitatsine na Kano a Disamban 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000, tun da shugabansu, Muhammadu Marwa, daga Kamaru ya fito. Amma bayan an gama korar baƙin, fitinar ta sake tashi a Jimeta a 1984, ta tashi a Gombe a 1985. Ashe an bar jaki ana dukan taiki.

Gwamnatin soja ta marigayi Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a 1984, ta sake korar kimanin mutum 700,000 a 1985. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani a Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Iyakar ba ta buɗe ba sai 1986, kuma talakan Nijeriya bai wayi gari da arziki ba.

RUFE IYAKA A ZAMANINMU

Wannan kam ba sai an tambayi tsoho ba. A watan Agustan 2019 an rufe iyakokin tudu, aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Sai Disamban 2020 aka fara buɗe waɗansu, irin su Illela da Maigatari. A tsakanin nan kowa ya ga inda buhun shinkafa ya kai. Babban ɗan fasa-ƙwauri bai daina sana'arsa ba, kuɗin cin hanci kawai ya ƙaru, kuma mai saye a kasuwar Sabon Gari shi ya biya.

A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an sake rufe iyakarmu da su, aka yanke musu wutar lantarki, har farkon 2024. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, kayan gwari suka ruɓe a ciki. Ku tambayi direbobi da kamasho da 'yan dako na tashar Kwangila, inda hanyar Kano da ta Sakkwato da ta Kaduna suka haɗu. Idan shanu da wake da albasa ba su gangaro daga arewa ba, masara da gero da kayan masarufi ba su hau ba, har mai tuwo da mai shayi a bakin gada sai sun ji a jikinsu.

WANE NE BAƘO?

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500. Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a kan takarda, suka raba dangi biyu. Maraɗi Katsinawa suka kafa ta. Bagobirin Tsibiri da na Sabon Birni kakansu ɗaya. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tsagar fuska ɗaya. To, ran da aka ce a kama baƙo a shingen hanya, da me za a gane shi?

Da takarda za a gane shi. Wa ke da takarda? Mai kuɗi yana da ita, ko a ina aka haife shi. Wanda ba shi da ita shi ne ɗanka da aka haifa a ƙauye, ungozoma ta yanke cibi, ba wanda ya rubuta ranar. Shi za a sauke daga mota idan ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, a ce masa ɗan Nijar ne, sai ya ba da na goro.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwa ce. A Janairun 1980 an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka tsallakar da shi Cadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Laifinsa a idon jama'a shi ne yana jam'iyyar adawa. Sai da kotu ta tabbatar ɗan Nijeriya ne. Idan an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai ga-ruwa?

Mu tuna kuma mu ma baƙi ne a wani wuri. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi mako biyu su fita. Dubban 'yan Nijeriya, har da Hausawan zango masu fataucin goro da shanu, suka bar gidaje da rumfuna suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Yau muna da 'yan'uwa a Kumasi da Yamai da Sudan da Jidda. Abin da muka shuka a nan shi za a girba a kansu.

BA MU CE A BAR IYAKA SAKE BA

Gida ba ƙyaure ba gida ba ne. Tun faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011 bindigogi suka watsu a Sahel, waɗansu suka shigo dazuzzukanmu. Mutanen Giwa da Birnin Gwari sun san abin da bindigar nan ta yi wa noma. A 2024 rundunar soja da kanta ta ba da sanarwar ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kabi, masu shigowa ta kan iyaka. Amma mai ɗauke da bindiga ba ya bin layi a ofishin shige da fice. Ta daji yake bi, ko ya sayi hanya. Korar mai gadi da mai yankan farce ba ta taɓa shi.

Maganar aiki kuma akwai gaskiya a ciki. Lebura marar takarda yana karɓar rabin lada don ba shi da bakin kai ƙara, ɗan gida kuma ya rasa aikin. Amma wa ya ci ribar? Mai kwangilar da ya ɗauke shi. Ƙara tsananta wa leburan ƙara masa tsoro ne, mai tsoro kuwa ko nawa aka ba shi karɓa zai yi.

ABIN DA JAM'IYYARMU TA TSAYA A KAI

Na farko, a kai rajistar haihuwa da katin ɗan ƙasa har gunduma-gunduma, kyauta, don kada a mai da ɗan gida baƙo.

Na biyu, baƙon da ya zo neman halal a yi masa rajista cikin sauƙi ta hannun mai unguwa da dagaci, a san sunansa da mai masaukinsa da sana'arsa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma kwana 90 ba biza. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka wajibi ne a zauna da ita a tsara shige da fice tsakaninmu, tun da maƙwabci ba ya ƙaura.

Na uku, lada ɗaya ga aiki ɗaya, kuma hukunci ya hau kan wanda ya ɗauki mutum aiki a ɓoye don ya danne masa haƙƙi.

Na huɗu, a biya ma'aikatan iyaka albashinsu a kan kari, a ba su kayan aiki, a rage shingayen karɓar kuɗi. Wanda aka kama ya buɗe wa makamai hanya ya fuskanci shari'a, komai girman hularsa.

Na biyar, kada a kori kowa sai ta hanyar doka, mutum ɗaya-ɗaya, bisa laifin da ya yi.

Ya ku jama'a, duk ɗan takarar da ya zo muku da maganar baƙi, ku tambaye shi taki nawa ne buhu, ina maganin asibiti, yaushe za mu koma gonakinmu na daji. Idan ya kauce, kun san inda ya dosa. Ku adana katin zaɓenku, kada ku sayar da shi a kan taliya da sabulu. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, ku dangwala wa jam'iyyarmu, ku tsaya har a ƙirga.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.